Yajin da Kaka Ta Yi Mini Kan Tayil

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kaka ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, a wani ƙauye da ke bayan Sule Tankarkar, a gidan taubashina, ɗan gwaggona. Ga ni da gida a Gumel, ɗaki shida, kowanne da fankarsa, amma ba a nan ta cika ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk wanda ya san ni ya san cikina girma kawai gare shi, ba shi da zurfi.

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a ƙofar gidan nan nasa, a gindin wata aduwa da inuwarta ba ta isa akuya biyu ba. Duk wanda ya sauka daga babur sai ya tsallake ni, ni da na cinye rabin tabarma, ya je ya kama hannun taubashin nawa da hannu biyu: "Sannu da ƙoƙari. Ka yi jinya, ka riƙe amana, Allah Ya ba da lada." Sannan ya juyo gare ni da ragowar gaisuwa: "A'a, mutanen birni! Yaushe a gari?" Wai yaushe a gari! Ni da ubana ne ɗanta na fari. Da liman ya zo addu'a ya ce duk wanda tsoho ya cika a hannunsa ya gama cin riba, sai kowa ya waiwaya ya dubi taubashina, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar waliyyi. Mutumin da na sani tun yana zura hannu a rumbun gyaɗar Kaka.

A cikin gida kuwa, in ji matata, kukan ya sha bamban da na sauran mace-mace. Wata tsohuwa da ta biyo motar haya tun daga Gagarawa ta shigo ba ta gaida kowa ba, ta zauna dirshan a ɗakin da Kaka ta cika, tana shafa ƙasa da tafin hannu tana cewa, "Shi ke nan. Daga yau sai siminti." Wata kuma daga tsallaken iyaka ta ce Kaka ce ta daɓe mata ɗakin aurenta, ga shi yanzu miji ya mutu, haƙora sun zube, har jikoki ta aurar, amma daɓen ko tsaga bai yi ba. Mata suka fashe da dariya, daga nan suka zarce da kuka.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so nan gaba a tambayi 'ya'yana wace ce kakar ubanku, su ce wata tsohuwa ce mai faɗa. Mai faɗan ce, ban musa ba. Amma uwar daɓe ce, kuma ban ga wadda za ta gaje ta ba.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi zalla, in ka taka sai ya gudu ta tsakanin yatsunka. Mace in tana son ɗakin da za ta share ya sharu, sai an daɓe mata. Kaka ce ke faɗin kududdufin da za a ɗebo laka da ramin da za a haƙo burji. Ita ke sa a jiƙa bagaruwa kwana uku har ruwan ya yi baƙi wuluk. A baje burji, a yayyafa ruwan, mata su jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, su riƙa bugu tare kamar hannu ɗaya, ana waƙa ana habaici har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Kaka ba da ido take duba aikin ba, da kunne ne. Tana daga bakin ƙofa sai ka ji ta ce, "Ke ta gefen bango, naki ƙarya yake yi, ƙara masa." A je a duba, a tarar akwai iska a wurin.

Tana da wata ɗabi'a da ta sha jefa mu a kunya. In ta shiga gidan mutane, kafin ta yi gaisuwa sai ta tuɓe takalmi ta zaga ɗakin tana danna diddige. Mai gida na cewa sannu da zuwa, ita tana kallon ƙasa. In ta gamsu, ta zauna a sha hira. In ba ta gamsu ba, ta ce, "Wa ya yi muku wannan? Allah Ya yafe masa." Takan ce, "Bango na baƙo ne, ƙasa ta mai ɗaki ce." Takan kuma ce, "Kafin ka shimfiɗa wani abu a ɗaki, tambayi mutum biyu: mai rarrafe da mai sanda. Su suka fi kowa kusa da ƙasa." Na ji wannan magana ya fi sau dubu. Sau dubun nan kuwa ta kunnen dama ta shiga, ta fita ta hagu ba ta ko tsaya shan ruwa ba.

Lokacin da siminti ya fara yawa a unguwarmu, wani magini ya faɗa a gaban mutane cewa aikin Kaka na mutanen da ne, ya shafe zauren maƙwabcinmu da siminti don a ga bambanci. Bazara ɗaya aka yi simintin ya tsage. Tun daga ranar, in za ta wuce, sai ta leƙa zauren ta ce, "Ina kwana, tsaga?" Da tsagar ta yi rassa, sai gaisuwar ta koma, "Ina kwana, tsaga, yaya yaran?" Maginin nan sai da ya daina bi ta layinmu. Amma da matarsa ta haihu, Kaka ce ta fara zuwa da kunun kanwa.

Ina ƙarami aka turo wani malamin makaranta daga Filato, Kirista, ya kama haya kusa da mu da matarsa da jaririnsu. Ɗakin ba daɓe ba siminti. Kaka ta leƙa ta ga jaririn yana rarrafe yana ɗibar rairayi yana kaiwa baki. Washegari ta tara mata, ba wanda ya roƙe ta. Wata daga ciki ta fara gunaguni cewa ba a saba yi wa baƙi gayya ba, balle waɗanda ba sallarmu ɗaya ba. Kaka ta ce, "Yaron nan da ke cin ƙasa, wane coci yake zuwa? Ɗauki madaɓi." Aka daɓe ɗakin. Uwar yaron ta rasa Hausar godiya, sai durƙusawa take ta yi.

'Ya'ya biyu Allah Ya ba Kaka, ubana da gwaggona, kuma duka biyun ita ta ga rasuwarsu. Muka rage mu biyu a maza, ni da taubashina. Da yake jika mijin kakarsa ne a wasa, sai ta wayi gari da mazaje biyu. Ni take kira Maigida, shi kuma Ango. Ni da shi kowa bawa yake kiran ɗan'uwansa, har yau ba a raba gardamar ba. Tun muna yara in ta raba mana ƙuli-ƙuli sai na jera nawa da nasa na gwada tsawo. Da muka girma, ni na ci gasar, domin a gidan gado na Gumel take zaune, a hannuna. Na rushe ɗakunan ƙasa na tayar da na bulo, amma nata ta ce kada a taɓa mata ƙasan, a yi duk abin da za a yi daga gwiwa zuwa sama. Duk ranar da taubashina ya zo gaishe ta a kan tsohon babur ɗinsa, sai in tare shi a zaure in ce, "Bawa, gaisuwa minti biyar ce. Matar aure ce."

To, sai ga shekarar da riɗi ya yi albarka, ni kuwa sana'ata ke nan, in saya a ƙauyuka in kai Maigatari. Aljihu ya yi nauyi, kai ya yi sako-sako. A daidai lokacin taubashina, da ɗan noman da yake yi, ya sayo wa Kaka wani bargo mai laushi. Kaka ta yi sati guda tana nuna wa duk wanda ya shigo: "Kun ga abin da Ango ya kawo?" Bargo! Abin da ko rabin buhun riɗi bai kai ba. Na kasa cin tuwo. Na ce wallahi sai na yi mata abin da za ta manta akwai wani abu wai shi bargo a duniya.

Allah Ya kawo dama, ta tafi Maigatari zaman jego wajen wata 'yar ƙanwata, kwana arba'in. Na nufi shagon tayil. Mai shagon kuwa ba kowa ba ne illa jaririn nan mai cin rairayi, ya girma a Gumel, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na nuna wani fari tas mai sheƙi, wanda in ka leƙa za ka ƙirga gashin hancinka.

Ya ce, "Ɗakin wa, Yallabai?"

Na ce, "Na Kaka."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ta sani?"

"In ta sani ina daɗin abin?"

"Yallabai, wannan na falo ne, inda ake shiga da takalmi a zauna a kujera. Tsoho in dole sai an sa masa, mai kaushi ake sawa, don sanda ta kama. Ga sanyi da yake riƙewa. Amma in ta ni ce, ɗakin Kaka a bar shi yadda yake. A kan aikinta na koyi tafiya."

Na ce masa tayil na zo saya, wa'azi kuma ina samu kyauta ran Juma'a.

Leburori uku na ɗauko su fasa daɓen. Diga ta farko da aka sara ta yi tsalle ta dawo kamar an bugi ƙarfe. Kwana biyu suka yi, bakin diga biyu ya lanƙwashe, babbansu yana share gumi yana cewa, "Maigida, wannan ba ƙasa ba ce, aljanu ne suka yi ta." Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa ƙara musu goro na yi. Aka kwashe ɓaraguzan a amalanke aka cike wani rami a bakin titi. Aka shimfiɗa tayil. Ɗaki ya yi fes, ƙuda in ya sauka sai ya zame.

Ranar da ta dawo na sa sabuwar riga, na tara mutanen gida a ƙofar ɗakin. Ta tuɓe takalmi kamar yadda ta saba, ta sa ƙafa ɗaya, ta janye kamar ta taka garwashi.

"Maigida, asibiti ka kawo ni?"

"Ɗakinki ne, amarya! Ko na matar gwamna albarka."

"Ina ƙasar?"

"Wace ƙasa?"

"Ƙasar da ke nan."

Na gaya mata inda aka kai ta. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsoshi. Ba ta zage ni ba. Ta yi shiru, ta shiga tana dafa bango. Tunda nake ban taɓa jin Kaka ta yi shiru ba sai ranar, kuma na gwammace mari.

Kwana uku ta yi a ɗakin. Sandarta ta riƙa zamewa kamar tana tuƙa kwalekwale. Randarta ta yi gumi, ruwan ya rasa inda zai shige, ya kwanta yana jiran ƙafar da zai kayar. Sanyi ya bi ta tabarma ya shiga ƙashi. Babbar matsalar kuwa salla. Kaka tana da sanyin ƙashi, in gari ya yi sanyi ba ta iya taɓa ruwa, sai ta miƙa hannu daga bakin gado ta buga tafi a daɓenta ta yi taimama. Ta aika aka tambayo limamin unguwa, ya ce abin da wuta ta gasa ba a taimama da shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na ciko faranti da rairayi mai tsabta na kai mata da kaina.

Ta dubi farantin, ta dube ni. "Ni kaza ce?"

Na kawo dutse mai sulɓi, irin wanda marasa lafiya ke ajiyewa. Ta ce, "Kai wa wanda ba shi da ɗaki."

Rana ta huɗu da hantsi na ji ƙugin babur ɗin da na fi tsana a duniya. Na fito na tarar ta ɗaure kayanta a zane, bargon nan a sama. Ta ce, "Na yi yaji." Na yi dariya, na ɗauka wasan da muka saba ne. Sai ta kama hannun rigata ta yi ƙasa da murya, yadda ni kaɗai zan ji.

"Mu goma sha ɗaya muka buga ɗakin nan, shekarar da aka haife ka. Goman duk sun riga ni. In na sa hannu a ƙasa da asuba, da su nake gaisawa. Ka kwashe su ka cike rami."

Taubashina kuwa ya gyara hula ya ce, "Bawa, kama mini kayan amarya in ɗaure." Na kama. Da hannuna na taya shi ɗaure kayan matata ta wasa a babur ɗinsa.

Shekara shida ina biko. Na shimfiɗa leda a kan tayil ɗin na je na gaya mata, ta ce leda gumi take sa mutum kamar an rufe shi a tukunya. Na sa kafet mai kauri, ta ce na gina wa ƙuma gida. Na jera tabarmi uku, ta ce, "Ƙarya ko ta yafa zane uku ƙarya ce." Na kai goro, na kai zuma, na kai turare, har kilishi na kai wa matar da ba ta da haƙori, ya ƙare a cikin taubashina ina kallo. Duk zuwan da na yi sai in tarar da ita a ɗakin ƙasa da ta sa matan ƙauyen suka daɓe mata, ta miƙe ƙafa, 'ya'yansa suna hawa suna sauka a kanta. Abin da ya fi ƙona ni, sunana ma ta ƙwace ta ba shi. Shi ya zama Maigida. Ni kuma in na yi sallama sai ta ce, "Ku ba tsohon mijina ruwa, ya sha ya kama hanya." Shi kuwa ya riƙa raka ni har bakin mota yana cewa, "Bawa, gaisuwa minti biyar ce."

Na rame. Mutane ba su lura ba, amma ni na san sai da na matsar da agogona huda ɗaya. In na ga tsoho a gidan wani, ko ba nawa ba ne, sai in ji haushi. Ɗakin nan na rufe shi, in na bi ta ƙofar sai in ga kamar tayil ɗin dariya yake mini da fararen haƙora.

Matata ce ta gaji. Wata rana ina cikin lissafa mata laifuffukan taubashina tun daga yaye, ta ajiye ludayi ta ce, "Maigida, kai fa gwanin fasawa ne. Wancan daɓen ka fasa ba wanda ya sa ka. Wannan tayil ɗin me ya hana?"

Mai shagon tayil da kansa ya zo ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana aiki kafaɗunsa na rawa don dariya, bai dai ce na gaya maka ba, Allah Ya saka masa. Aka fasa simintin da ke ƙasa har aka tarar da rairayi. Sai a nan na gane ban san mace ko ɗaya a Gumel da ta iya daɓe ba. Na ɗauki mota na nufi ƙauye.

"Kaka, na fasa."

"Me ka kuma fasawa?"

"Tayil ɗin. Ɗakin yana nan rairayi zalla, ko kaza ta raina shi."

Idanunta a lokacin sun yi hazo, sai ta juyo da kunne wajena kamar tana sauraron ko akwai iska a maganar. Can ta ce, "A jiƙa bagaruwa."

Kwana uku ta yi a gidana, kuma duk rayuwata ban yi kwanaki masu daɗinsu ba, ko da yake zagi na sha daga safe zuwa yamma. A rumfar tsakar gida ta sauka, ta ce ba za ta taka sauran asibitocin nawa ba. Madaɓi ko ɗaya ba a samu a unguwar ba, sai da masassaƙi ya sassaƙo sababbi, Kaka tana shafa kowanne tana mayar masa da rabi. Matata ta gayyato ƙawayenta, suka zo da lalle a hannu da waya a ƙugu, suka jeru suna taɓa ƙasa da madaɓi kamar masu lallashin jariri. Kaka tana kan kujera a bakin ƙofa, sanda a hannu. Ta ce, "Tsaya. Wanda ya fasa shi zai fara."

Na ce, "Haba Kaka, namiji da daɓe? A Gumel?"

"Da diga ka ji kunya?"

Na tuɓe babbar riga, na durƙusa, tumbina ya riga gwiwoyina isa ƙasa. Kafin in yi bugu goma an cika katanga da kawuna. Nan take Kaka ta tayar da waƙa da 'yar muryarta mai rawa, wai mai tumbi ya sayi madubi ya shimfiɗa, ya leƙa ƙasa ya ga wawa. Mata suka amshe da guɗa. Waƙar ce ta daidaita musu hannu, bugu ya zama ɗaya, gidan ya ɗauki amo har tattabarun maƙwabta suka tashi. Ni kuwa ina bugu ina murna, domin waƙar tawa ce. Shekara shida tana gidan wancan bawan, ko baiti ɗaya ba ta yi masa ba.

Rana ta uku da la'asar ta ce a sauko da ita. Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙa tafukanta biyu ta ɗora a kan danshin daɓen, ta daɗe a haka. Ta ce, "Bai kai wancan ba. Amma ya yi." Ta ba da umarni a riƙa yayyafa ruwan bagaruwa safe da yamma har kwana bakwai, kada ko kyanwa ta taka. Da za ta shiga mota ta ce, "In ya bushe ka aiko, Maigida."

Maigida ta ce. Akwai shaidu.

Na zama mai gadin ƙofa. Da hannuna nake yayyafin, har yatsuna suka rine. Ranar Lahadi daɓe ya bushe, ya yi baƙi-baƙi yana ƙamshi, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Kaka ba ta riƙe waya, don haka taubashina na kira. Ya ce bari ya gaya mata. Da ya dawo ya ce, "Ta ce a bari a kwana biyu, kuma kada ka turo mota, ni zan kawo ta." Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata shekara shida ina zarya, na durƙusa a gaban unguwa, yanzu kuma sai an ja mini aji? To ba inda zan je, ta zo don kanta. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Laraba ta wuce, ina zaune ina cika ina batsewa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ran Alhamis ina tsakiyar kasuwar Maigatari wayata ta yi ƙara.

Bayan addu'ar uku, da rana, mutane sun watse, taubashina ya ce in zo. Ya kai ni bayan rumbu. Ya ce, "Yaya." Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa kirana haka ba. Ya miƙo mini ƙunshin kaya a zane, an ɗaure shi da irin ƙullin da ita kaɗai ke yi.

"Tun ran Lahadin da ka kira ta ɗaure wannan. Ba ta ce a bari a kwana biyu ba. Ni na faɗa."

Na rungume ƙunshin, shi kuwa ya ci gaba.

"Kullum da hantsi sai ta sa a fito da ita zaure, kayan a cinyarta. Ran Litinin na ce mata taya ta yi faci. Talata na ce ba mai a gari. Laraba na ce kai ka ce bai gama bushewa ba." Ya share fuska da hula. "Yaya, shekara shida da tarinta nake sanin gari ya waye. Kwana biyu kawai na so in ƙara. Wallahi Juma'a na yi niyyar kawo ta."

Na ce, "Ran Alhamis ɗin me ta ce?"

"Cewa ta yi in babur bai gyaru ba a ɗora ta a amalanke. Na shiga in ɗebo mata ruwa, na fito na ga ta jingina. Muka kai ta ɗaki, ko fatiha ba mu gama ba."

Hannuna ya ɗagu da kansa, ban san ko mari ya yi niyya ba. Sai na tuna wanda ya zauna a Gumel kwana huɗu da mota a ƙofar gida yana jiran a lallashe shi. Na sauke hannun a kafaɗarsa. Na ce, "Kai dai bawa ne, kuma wawa. Faci? Ƙaryar da ake gyarawa a minti goma? Da ni ne, babur ɗin zan jefa rijiya." Ya yi wani sauti da ban san ko dariya ba ce, ni ma na yi irinsa, muka zauna a gindin rumbu, manyan mutane biyu da furfura, muna ta sharɓe.

Na taho da ƙunshin. Na ajiye shi a tsakiyar sabon daɓen, ban kwance ba, domin ban iya mayar da ƙullin ba.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya gafarta mata, Ya yalwata makwancinta, Ya sa ƙasar da ta kwanta a kai ta fi duk wadda ta taɓa bugawa sanyi da laushi. Duk wanda ya taɓa rarrafe ko ya yi sujada a kan aikin hannunta, ina roƙon ya sa ta a addu'a. Taubashina kuma Allah Ya yafe masa kwana huɗun nan. Ni ma zan yafe, in sha Allahu, amma sai na gama kishinsu.